Keken Ɗinkin Mista Obi

’Yan’uwa, na gaishe ku cikin sunan Yesu. Na yi laifi, ba kuwa zan ɓoye ba. Na ci amanar ɗan’uwa mai bi, na kuma rufe da ƙarya.

Mista Obi tela ne, maƙwabcina a Sabon Gari, a benci ɗaya muke zama a sujada. Lokacin tashin hankali, da zai gudu Gabas da iyalinsa, ya kawo mini kekensa na ɗinki ya ce, “Maƙwabci, riƙe mini. In Allah ya so zan dawo.”

Bayan yaƙin basasa ya dawo. Shi kaɗai. Matarsa da ’ya’yansa biyu sun rasu a can. A lokacin na koma Samaru ina leburanci, matata Ladi kuwa da keken nan take ɗinki muna cin abinci. Da ya tambaye ni, na dubi idonsa na ce, “Ai an fasa ɗakina, an kwashe.”

Ya ce, “To, ba komai.”

Wayyo ni! Ko gaisuwar rasuwa ban yi masa ba. In na hango shi a kasuwa yana yawo da allura da zare yana faci, sai in sake hanya. Shekara uku ban kusanci Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada, ba. Ƙarar keken ma sai in ji ta kamar ana ɗinka mini likkafani. Ina faɗa wa raina, ai baƙo ne, wata rana zai koma garinsu.

Wata Lahadi a majami’armu ta Sabon Gari aka ba ni karatu, wasiƙar manzo zuwa ga masu bi. Na tsallake layin farko, don na ɗauka irin “gaisuwa mai yawa” ce da muke fara wasiƙa da ita. Baba Mai Bishara, tsohon da ke bi da mu, ya ɗaga hannu.

“Ɗana, ka shiga gidan mutane ba sallama? Koma. Wa ake gaisarwa?”

Na koma na karanta. Ashe baƙi ake gaisarwa, waɗanda aka warwatsa cikin ƙasashe. Manzon ya kira su zaɓaɓɓun Allah, ya roƙa musu alheri da salama.

Baba ya ce, “Kun ji? Kafin ya koya musu komai, sai da ya gaishe su.”

Mista Obi yana bencin baya, kansa a sunkuye. Wanda Allah ya zaɓa, ni na ƙi gaisarwa! Na durƙusa a wurin na ce, “Ya Ubangiji, ka kwance ni daga ƙaryar nan.”

Na gode wa Allah, ya kwance ni. ’Yan’uwa, ku dogara gare shi, kada ku kai shekara uku kamar ni.

Washegari Ladi ta share keken tana kuka, na ɗaura shi a amalanke har Sabon Gari. Na tarar da Mista Obi kwance, tari ya cinye shi. Ya shafa keken ya ce, “Na sani tun tuni, maƙwabci. Na taɓa ganin ɗinkinsa a rigar ɗanka.”

Na durƙusa na ce, “Mista Obi, ƙarya na yi maka. Ba a fasa ɗakina ba. Sannu da rashin Madam da yara. Na makara. Ka yafe mini.”