Ruwan Zafi da Wan Maigidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ya aiki? Luba ce daga Bakura.

A fim ɗin aljanun nan na talabijin, wata mata ta watsa ruwan zafi tsakar gida ba bisimilla, ta ƙona ɗan aljana. Muna cikin kallo wan maigidana ya shigo, ya ce shirme ne, a kashe. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban kashewa."

Na gaji da yi wa ɗiyata faɗa kan ruwan zafi, ba ta ji. Yanzu, tun da ta ga fim ɗin, ko na sanyi za ta zubar, sai ta yi bisimilla. Masu sauraro, ina shirme a nan?

Ina gaida abokan kallona. Ranar Asabar tabarma na shimfiɗe, har da ta Yaya.