Sifirin da Aka Ba Sharhabil

Mai girma shugaban taro, shugaban sashen koyar da dabarun kasuwanci, abokan aikina malamai, iyaye da kuka baro ofisoshinku da sana'o'inku, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama. An nemi in yi magana kan nasarorin sashenmu, amma ku gafarce ni, da ɓacin rai na zo.

Ina da ɗalibi mai suna Sharhabil, ɗan wani direba Bakatsine da ke Unguwar Shanu. Da aka ba su aikin kammala karatu, bai kwafi na kowa ba. Unguwar Abakpa ya je, wajen Malam Ila, dattijo mai ɗinkin takalma da ya kusa rufe shago don rashin masu saye. Ba mu koya masa ɗaukar hoto ba, ba mu koya masa haɗa bidiyo ba. Shi ya nema a intanet, ya gwada, ya ɓata, ya sake. Ya buɗe wa dattijon shafi a dandalin sada zumunta. Cikin wata huɗu, daga Zariya ake aiko da awon ƙafa, daga Jos ake bugo waya.

Ranar da ya zo kare aikin a gaban malamai ina cikin ɗakin. Wani babban malami ya ture takardun ya ce, "Wannan ai wasan waya ne." Sharhabil ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba shafin ko na minti ɗaya." Ba a duba ba. Aka ba shi sifiri. Ni kuwa na yi shiru, kuma shirun nan ne ya fi ci mini rai.

Jama'a, me muke koyarwa? Takardun darasin da muke rabawa sun girmi ɗaliban. Wanda ya haddace ya ci, wanda ya sayar ya faɗi. Yanzu Sharhabil yana jan motar mahaifinsa a hanyar Rigacikun, ya ce mini ba zai dawo ba.

Abu biyu nake nema. Na farko, a sabunta manhajarmu. Na biyu, a sake duba aikinsa. Jiya na miƙa takardar neman hakan, da sa hannuna ni kaɗai. An gargaɗe ni cewa za ta taɓa ƙarin girmana. To, ta taɓa. Tana kan teburin shugaban sashe, kuma akwai sauran filin sa hannu a ƙasa ga duk malamin da ya zauna a ɗakin ranar.

Allah ya ba mu ƙarfin gyara kuskurenmu, ya yi wa ɗalibanmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.