Mai Kiran Suna a Bakin Ruwa

Da la'asar, a mashigar kwalekwale ta birnin Suzhou na ƙasar Sin, tsohuwa Qian mai tuƙi ta ga wani baƙo tsaye a matakalar ƙarshe, ruwa yana lasar takalminsa.

"Malam, hau sama. Watan bakwai ne, watan matattu."

"Inna, jagorarmu ce ta ce in jira a nan. Tun safe take zagayawa da ni, gidan tarihin siliki, gadoji, ko gajiya ba ta yi."

"Da kai kaɗai?"

"Sauran sun yi gaba, in ji ta. Ta ma tambayi cikakken sunana."

"Ka ba ta? A watan nan wa ke faɗin suna a bakin ruwa? Wanda ruwa ya ci ba ya fita sai ya kira wani ya amsa, ya maye gurbinsa."

Baƙon ya yi dariya. "Kai, Inna, tatsuniya! Yarinya ce mai hankali, da shuɗiyar hula. Sai dai gashinta bai bushe ba har yanzu."

"Da tabo a haɓa?"

"Au, kin san ta?"

"Ni na haife ta," in ji Qian a hankali. "Shekara tara ke nan tana cikin sanyin nan."

Daga ƙarƙashin gada wata murya ta taso. "Malam Fang Dewei!"

Qian tana kusa, da ta miƙa hannu da ta toshe masa baki. Sai ta ƙara riƙe sandar tuƙinta da hannu biyu.

"Na'am!" in ji baƙon.