Yatsan Baba

A tashar Ɗambatta, ana jiran mota ta cika, Tajuddeen ya lura da mutumin da ke gefensa ya jera wayoyi a cinya, yana dangwala musu babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, gyaran waya kake yi?"

"A'a, manhaja nake haɗawa. Gwadawa nake in ga ko kowace waya za ta karɓi yatsa, don kowane kamfani da irin tsarinsa."

Tajuddeen ya zaro wata waya naɗe cikin hankici. "Don Allah buɗe min wannan. Ta mahaifina ce, da damina ya rasu. Akwai muryarsa a ciki, Inna ke son ji."

"Allah ya jiƙansa. Ai zanen yatsa a cikin wayar yake a kulle, ko mu ba ma ganinsa. Ba wanda ya san lambar sirrinsa?"

"Babu."

"To, sai dai a goge ta gaba ɗaya, muryar kuma ta tafi ke nan."

"Ranar da ake masa wanka, kawuna ya ce in ɗora yatsansa kafin a sa likkafani. Na kama hannun, na kasa."

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Kullum nakan gwada nawa yatsan," in ji Tajuddeen, yana mayar da wayar cikin hankicin. "Duk garinmu cewa ake ni ne shi sak, har tafiyarmu ɗaya. Wayar nan kaɗai ce ta ƙi yarda."