Ina Ƙofar Bankin Raya Ƙasa Take?

Salama, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rifkatu daga Zonkwa.

Mu matan zumunta na cocinmu muna neman injin yanka citta kafin lokacin haƙa. Babana ya ce a zamaninsu bankin raya ƙasa na gwamnati ne ya taimaka musu da injin ban ruwa. Sai na shiga mota zuwa Kafanchan neman bankin. Wani ma'aikacin bankin kasuwanci da na tambaya ya yi dariya, ya ce, "Mama, wannan bankin ba ya zama da manomi, ta hannunmu kuɗinsa ke fita."

Na dawo ina mamaki. Yaushe abin ya canza? Kuɗin harajinmu ne? Don Allah ku gayyato masani ya bayyana mana, domin ranar Lahadi matan za su tambaye ni.