Mabuɗin Ɗakin Malama Ummulkhairi

"Muddin ina numfashi, ba mai rufe ɗakin nan." Alhaji Sharhabil, shugaban ƙungiyar unguwarmu, maganarka ce, ranar sadakar uku, a gaban mahaifiyar marigayiya. Ga ka nan kana numfashi, alhamdulillahi. Ɗakin kuwa yana garƙame da kwaɗo.

Assalamu alaikum. Mai unguwa, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Likitoci da abokan aikin marigayiya, mahaifiyarta Hajiya Kaltume da sauran iyali, sai mutanenta da aka jera can baya da kekuna da sanduna, waɗanda da su ya kamata in fara. Ni ce Ramatu, matar Malam Faruk.

Malama Ummulkhairi ta kasance mai koya wa waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa harshe yadda za su sake magana. A asibiti take aiki, amma kowace Asabar takan tara su a ɗakin ƙungiya, nan Malali, su gaisa, su yi gardamar ƙwallo, su yi wa juna dariya.

Mu mutane ne masu dubiya, ba na musu. Amma ku lura da yadda muke yi. Da ciwon nan ya kayar da maigidana, sai a shigo, a tsallake shi da ido, a dube ni a ce, "Yaya mai jiki?" Mutumin da ya tsufa yana jagorantar taro a ofis, ga shi zaune, ana tambayarsa kamar yana wani gari. Ranar da Malama ta fara zuwa gidanmu, wani abokinsa ya yi haka. Na buɗe baki, ta dafa ni ta ce, "Maman Sadiya, yi shiru. Ga mai jikin nan, a tambaye shi." Muka jira. Shayi ya huce, baƙo ya duba wayarsa ya sake dubawa. Can Malam ya ce, "Da sauƙi." Ban taɓa jin karatu mai daɗin wannan ba.

Ta kasance mai jira. Ta kasance ba ta yarda a ƙarasa wa kowa zancensa, ko matarsa ce, ko likita. Ta kasance mai faɗa, ni shaida ce, ta sha korata waje.

Yanzu masu dubiya sun ɗauke ƙafa. Gidanmu daga ni sai shi sai rediyo. Duk Asabar yakan sa hularsa da hannun hagu, ya zauna bakin ƙofa. Kalmomin da ya sha wuya ya dawo da su suna zubewa. Makon jiya ya nemi sunana a bakinsa bai samu ba.

Ba malami muka rasa ba. Lubna, wadda marigayiya ta horar, tana tasowa daga Kawo, ta tarar da kwaɗo, ta juya. Na tambayi dalili, aka ce ƙungiya ta ajiye kujerun haya da rumfuna a ciki. Su ne waɗannan da kuke zaune a kai. Ina fatan suna da daɗin zama.

Hajiya, ki yafe mini. 'Yarki ba ta koya mana yin shiru a inda magana ta kamata ba. Mun gode da kika ba mu ita. Allah ya jiƙan Malama Ummulkhairi, ya haskaka kabarinta, ya saurare ta kamar yadda ta saurari bayinsa. Allah ya ba ku haƙuri.

Alhaji, muna jiran mabuɗi kafin a sauko daga masallaci ranar Juma'a. In bai zo ba, Asabar da safe zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanka, in kawo mutanen Malama duka. Kowannensu zai gaishe ka da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Kuma za ka tsaya har ya gama.