Gefen Masu Rai

A ƙofar cocinmu a garin Sulina, wurin kunna kyandir gefe biyu ne, na masu rai da na matattu. Wata mata ta tsaya a tsakani riƙe da kyandir yana ci, wani tsoho yana jira a bayanta.

"Baiwar Allah, kyandir ɗin zai ƙona miki yatsa."

"Na ɗana Costel ne, Baba. Jirginsu na kamun kifi bai dawo ba, ko gawa ba a gani ba. In na sa a gefen matattu, ni na binne shi. In na sa a na masu rai, ina jayayya da Ubangiji."

"Sa a na masu rai. Matata Ilinca ta rasu bara, amma a gefen masu rai nake kunna mata."

"Limamin coci bai hana ka ba?"

"Ya hana. Amma Allah bai taɓa hure mini kyandir ɗin ba."